Maigida zai kama mana gida a Southall, unguwar Indiyawa a Landan: wa ya san zaman wurin?

Maman Iman (Mabera):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda sunka taka Landan da ƙafarsu. Maigidana ma'aikacin jinya ne, ya samu aiki a wani asibiti a yammacin Landan, ya riga mu tafiya. Yanzu takardunmu ni da yara uku sun fito, alhamdulillahi. Tun zuwansa ɗaki guda yake haya, to da iyali dole a nemi gida. Ya ce inda aljihunsa zai ɗauka, kuma ya isa wurin aiki kan lokaci, ita ce wata unguwa wai ita Southall.

Da ya kira ni ta bidiyo ya nuna min babban titin, wallahi ban hango Bature ko ɗaya ba. Maza da rawani, mata da sari, shagunan gwal da na yadi jere, har allon tashar jirgin ƙasa da wani rubutu da ban san shi ba. Na ce Abban Iman, anya ba Indiya jirgin ya sauke ka ba? Ni dariya abin ya ba ni, amma Inna, mahaifiyarsa, ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce ba za a kai mata jikoki tsakiyar masu bautar gumaka ba. Tun ranar ko gaisuwata da ƙyar take amsawa.

Don Allah wanda ya san wurin ya gaya min gaskiya: salla da karatun yara, nama da cefane, makaranta, da yadda mutanen suke da baƙar fata. Babbar ɗiyata shekararta 9, mai bi mata 6, ƙaramin 2.

Yaya Inno (Gidan Igwai, yanzu Southall):

Wa alaikumus salam ƙanwata. Lale marhabin tun kafin ki iso. Ni nan nake zaune, bayan King Street, ɓangaren da suke kira tsohuwar Southall, kuma nan yarana sunka yi firamare. Bari in fara da maganar Inna, don ita ce babba.

Ki gaya mata wurin ba na addini ɗaya ba ne. Masu rawanin da kinka gani 'yan addinin Sikh ne, mutanen Fanjab, rubutun jikin tashar ma nasu ne. Ba su aje gunki a ɗakin ibadarsu, littafi suke girmamawa. Masu gumakan su ne Hindu, kuma suna nan. Sannan ga Musulmi 'yan Pakistan da Indiya da Afganistan, ga Somaliyawa birjik, ga Kiristocin Goa ta Indiya, ga Tamil na Sri Lanka. Masallacin Abubakar na kan babban titin da kinka gani, Broadway, akwai Central Jamia a Montague Waye, ban da na Somaliyawa da ƙananan na lungu. Abin da za ki yi kewa shi ne kiran salla. Ba a sakin lasifika waje. Waya ce ladaninki, sai takardar lokuta da masallaci ke bugawa kowane wata, ki manna a jikin firiji.

Ki shirya wa Abban Iman ruɗanin la'asar in bai riga ya ci karo da shi ba. Yawancin masallatan 'yan Pakistan da Indiya Hanafiyya ne, su sai inuwa ta ninka biyu suke la'asar. Da rani tazarar tsakaninsu da lokacin da munka saba ta fi awa guda. In kuma mai sakin hannu ne a salla, ya tanadi amsa. Nawa maigidan wani dattijo ya taɓa tare shi bakin ƙofa, cikin ladabi dai, yana tambaya ko shi ɗan Shi'a ne. Da ya ce Malikiyya ne daga Najeriya, dattijon ya rungume shi, ya ja shi shan shayi. Ranar Juma'a wa'azin kafin huɗuba da Urdu ake yi a wasu wuraren, wasu su haɗa da Turanci, kuma ana jam'i biyu ko uku saboda cunkoso da masu fitowa daga aiki. Ke kuma ki sani ba kowane masallaci ke da wurin mata na kirki ba. Tarawihi ni wajen Somaliyawa nake zuwa.

Maganar ganin wata ce har yau ban saba da ita ba. Mu da munka tashi muna kasa kunne ga fadar Sarkin Musulmi, in anka yi sanarwa gari duka ya ɗauki azumi. Nan babu mai wannan iko. Wani masallaci Saudiyya yake bi, wani Maroko, wani sai an gani a Birtaniya. Layi ɗaya, gidan nan ana soya kayan salla, gidan can ana sahur. Ku zaɓi masallaci ɗaya ku bi shi, kada ku riƙa tsalle.

Cefane kuwa, nan ne zan yi miki albishir da baki har kunne. Ban san wata unguwa a Landan da Bahaushiya za ta shiga shagon da ba na 'yan Afirka ba ta fito da kayan kunun tsamiya cif ba, sai irin waɗannan unguwanni. Garin gero yana nan, a jikin leda za ki ga an rubuta bajri. Garin dawa juwar. Tsamiya imli, curi-curi a matse. Ɗanyar kuɓewa kullum akwai, ga riɗi, citta, kanumfari, masoro, tafarnuwa, attarugu, gyaɗa ɗanya, man shanu a gwangwani. A shagunan Tamil har ganyen yakuwa nake samu, gongura suke ce masa, wani lokaci da ganyen zogale. Albasa da shinkafa da buhu ake saye, kilo 10 ko 20, sun fi arha nesa ba kusa ba in kin gwada da manyan kantunan Turawa. Fura da garin bajri nake yi, in dama da kindirmon roba, ba ta kai ta gida ba amma tana kashe ƙwalama. Gargaɗi ɗaya: basmati ba ta tuwo. Ko kin kwana kina tuƙi warwatsewa take. Ki nemi gajerar shinkafa ko garinta.

Abin da ba za ki samu wajensu ba: kuka, daddawa, kimba, kanwa, busasshiyar kuɓewa, yajin daka. Waɗannan ki cika jaka da su, ki ƙulle daddawar cikin leda uku don mutuncinki a filin jirgi. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa kada ki soma. Dokarsu ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, ƙwacewa za a yi.

Mahautan halal sun yi yawa, akuya, rago, kai da ƙafa, kayan ciki, duk abin da kike nema. Sai dai ki karanta allo kafin ki shiga. Mutanen Sikh addininsu ya hana su cin yankan Musulmi, masu cin nama a cikinsu suna da nasu mahautan, za ki ga an rubuta jhatka, sara ɗaya ake yi wa dabbar. Wannan ba namu ba ne. Masu son ƙarin natsuwa suna duba tambarin HMC, wata ƙungiya mai sa ido kan halal, a ƙofar shago. Layya ba a yanka a gida, mahauci ake biya, nama ya iso rana ta biyu ko ta uku a yayyanke. Mu mun daɗe da komawa aika kuɗi gida a sayo rago a Kara, a yanka, a raba wa dangi.

To sai zama da mutanen, wanda na san shi ne ainihin abin da ke ranki. Makwabciyata ta dama tsohuwa ce 'yar Sikh, yarana Bibi suke ce mata kamar jikokinta. Lokacin bikinsu na fitilu takan aiko da kwalin alawar madara, ni kuma da salla in kai mata ƙosai da kunun gyaɗa, tunda ba ta cin nama ko ƙwai. Sanda na haifi autana ita ta riƙa kai min manyan makaranta har na yi arba'in. Babban ɗakin ibadarsu, mai kubbar zinare da anka buɗe a 2003, kullum ana dafa abinci kyauta ga duk wanda ya shigo, ko wane addini, ka cire takalmi ka rufe kai ka zauna ƙasa ka ci. Ba cewa nake ki je ba. Ina gaya miki ne ki san irin mutanen. Ɗalibai da yawa da kuɗi ya yanke musu nan sunka rayu.

Amma kada in yi miki zaƙin baki. Wurin zangonsu ne, kamar yadda Sabo ta Ibadan take ga Hausawa. Bayarabe zai shiga Sabo ya yi ciniki, ya kama haya, a gaisa da shi da fara'a, amma maganar aure da rance da wa za a ɗauka aiki a shago ta 'yan gida ce. Haka muke a nan. Aikin kanti sai mai jin Fanjabi ko Urdu. A allunan tallan haya na jikin tagogin shaguna za ki ga an rubuta sai 'yan Indiya, ko sai wanda ba ya cin nama. Kuma a cikin tsofaffinsu akwai masu raina baƙar fata, su kansu a junansu mai haske ya fi daraja wajen neman aure, man bilicin kuwa kanta guda. Ni ba a taɓa zagina a titi ba. Amma an taɓa ce min a waya gida na nan, na zo, mutumin ya dube ni sama da ƙasa ya ce yanzun nan anka kama. Yaransu da anka haifa nan daban suke, su da namu tare suke tashi, baki ɗaya, ƙwallo ɗaya.

Da Bibi ta ba ni labarin yadda sunka kafa wurin sai na fahimci wannan ƙanƙame juna da suke yi. Tun shekarun 1950 mazansu sunka fara zuwa aikin masana'antar roba da ke kusa, da filin jirgin Heathrow, aikin da Turawa ba su so. A 1972 Idi Amin ya kori 'yan Asiya daga Yuganda, ya ba su kwana 90, wasunsu nan yammacin Landan sunka sauka. A 1976 'yan wariya sunka kashe wani saurayinsu ɗan shekara 18, Gurdip Singh Chaggar, a titin unguwar nan. A watan Afrilun 1979 jam'iyyar 'yan wariya ta National Front ta zo taro a zauren gari, jama'a sunka fito, a rikicin ranar wani malamin makaranta ɗan New Zealand, Blair Peach, ya mutu bayan duka a kai. Bibi tana matashiya lokacin, har yau in tana faɗa muryarta rawa take.

Sai hayaniya. Tsakanin Oktoba da Nuwamba wasan wuta na bikin fitilu ya haɗu da na Turawa na 5 ga Nuwamba, dare ya koma kamar fagen yaƙi, ki gaya wa yara tun da wuri kada su firgita. A Afrilu akwai jerin gwanon Vaisakhi, bikin 'yan Sikh, a rufe tituna, in kina da asibiti ranar ki fita da sassafe. In Indiya da Pakistan sunka kara a wasan kurket, ko 14 da 15 ga Agusta ranakun 'yancinsu, hon da tutoci har tsakar dare. Daren jajibirin salla kuma Broadway cika take da masu lalle a bakin titi, wannan kam Iman za ta so shi. Tsafta dai sai a hankali: shara a lunguna, katifu a jefe, da jan tofin masu tauna ganyen pan a jikin bango.

Ɗan Arkilla (Ilford):

Yaya Inno ta gama magana kan mutane, ni zan tsaya kan gida da hanya, don su ne ke kashe aure a ƙasar nan, ba Indiyawa ba.

Maman Iman, abin da ya kai maigidanki can jirgin ƙasa ne. Tun da aka buɗe layin Elizabeth a 2022, daga Southall zuwa tashar Paddington a tsakiyar Landan kusan kwatan awa ne, Heathrow kuma bai kai haka ba. Unguwar tana shiyya ta 4 a tsarin kuɗin jirgi, Hayes da ke gaba da ita ta 5. Mai aikin jinya da zai karɓi aiki da bakwai ko bakwai da rabi na safe, ya tashi takwas na dare, minti goma ma dukiya ce a wajensa. Don haka tambayar farko ga kowane gida: tafiyar minti nawa ce a ƙafa zuwa tasha? Gidan da sai an hau bas kafin a kai jirgi, arharsa ta banza ce, domin Broadway da Uxbridge Road da yamma tsayawa suke cak. Bas 207 na bin wannan hanya, da dare akwai N207, 105 kuma na zuwa Heathrow. Kuɗin bas a 2025 fam 1.75 ne, in ka sauya wata cikin awa guda ba a ƙara caja, yara 'yan ƙasa da shekara 11 kyauta suke hawa. Duka naki ukun ba za ki biya musu ba.

Haya kuwa, abin da nake gani yanzu, gida mai ɗaki biyu a wajen nan da wuya ya sauko ƙasa da fam 1,700 a wata. Dillalai kan nemi albashin shekara ya kai ninki 30 na hayar wata, shi ya sa sabon zuwa ke faɗawa hannun masu ba da haya ta bayan fage. A nan ne haɗarin yake. Unguwar ta yi suna da ɗakunan da ake ginawa a bayan gida, inda ya kamata a ce lambu ne ko garejin mota, a sa gado da ɗan murhu a kira shi gida. Kada ku shiga da yara. Babu adireshi na kansa, kuma a ƙasar nan in ba ka da adireshi da takardar haya, neman makaranta da buɗe asusun banki wahala ne. Ya nemi yarjejeniya a rubuce. Kuɗin ajiya doka ta ce kada ya wuce hayar mako biyar, kuma mai gida ya zuba shi a asusun kariya cikin kwana 30, ya ba ku shaida. In kuwa cikin gidan mai gida kuke zaune tare da shi, wannan kariyar ba ta hau kanku ba.

Ya duba bayan kabad da kusurwar taga. Gidajen jere ne tsofaffi, da yawa sun haura shekara ɗari, danshi da baƙar fumfuna ke cin bango, su ke sa yara tari duk hunturu. Kowane gida yana da takardar darajar ɗumi daga A zuwa G, ya nema ya gani, mai E kuɗin gas zai cinye ku. Ga harajin ƙaramar hukuma kowane wata, ban da haya. Ku sa shi a lissafi.

Makarantar gwamnati kyauta ce, ta ƙaramar hukumar Ealing za ku nema, kuma tazarar gida da makaranta na cikin abin da ake dubawa. Tunda tsakiyar shekara za ku shigo, ba lallai a sa yaran biyu wuri ɗaya ba da farko, ki shirya wa hakan. Tun Satumbar 2023 'yan firamaren gwamnati a Landan kyauta ake ba su abincin rana, tsarin magajin gari Sadiq Khan ne, wanda shi ma iyayensa daga Pakistan suka zo. Makarantun irin wannan unguwa yawanci suna da na halal, amma ki tambaya a ofis, ki cika takarda.

Mota kada ya yi gaggawa. Lasisin Najeriya wata 12 kawai yake aiki, tsohuwar mota mai hayaƙi kuma fam 12.50 ake caja duk ranar da ta motsa, ga wurin ajiyewa sai da izini. Ni Ilford nake, mu ma haka muke da 'yan Pakistan da Bangladesh da Indiya, Musulmi sun fi yawa a wajenmu, amma ba zan ce ku zo ba. Gabas muke, aikinsa yamma.

Baba na Runjin Sambo:

Ɗiyata, ni ban taɓa zuwa Ingila ba, iyakata Makka. Amma Indiyawa na san su tun ba a haihe ki ba. Zamanin da munka yi sakandare, shekarun 1970, malamman lissahi da kimiyya a makarantun jihar ga da yawa 'yan Indiya da Pakistan ne, gwamnati ta ɗauko su. Wanda ya koya muna lissahi Hindu ne, matatai da jan ɗigo ga goshi take zuwa kasuwa sayen alayyaho. Shekaru shina cikinmu, bai zama Musulmi ba, mu ma ba wanda ya bar salla. Da azumi shi ka rage muna aikin gida.

Surukarki ba gumaka ne damuwarta ba, jikoki za a ɗauke mata. Kada ki ja da ita, kuma kada ki ce za ki yi mata bayani da bakinki, ba huruminki ba ne. Mijinki ya kira kawunsa ko wani babba da take jin nauyi, shi je shi zauna da ita. Ran Juma'a kuma shi ɗauko mata bidiyon jama'a na hitowa masallaci, ta gani da idonta. Ku yi mata alkawarin kira duk mako, ku cika.

Ni abin da nike tsoro daban ne. Jikokina na wajen ɗana sun zo hutu bara, na ce ina kwananku, sunka dubi ubansu. Indiyawan da kuke tsoro shekara saba'in suna can, har allon tasha sun sa an rubuta da harshensu. Ku a cikin ɗaki ma kun kasa riƙe naku. In kin tahi, Hausa a gida, dole.

Maman Sadik (Minannata, yanzu Woolwich):

Allah ya ƙara girma Baba. Yaya Inno, ki yi haƙuri, zan ɗan saɓa miki. Duk abin da kika faɗa gaskiya ne, amma ke Allah ya haɗa ki da makwabciya ta gari, kuma ke mai shiga jama'a ce. Ni na zauna tsakanin Southall da Hayes farkon zuwanmu, kaɗaici ya kusa zautar da ni. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu magariba ta yi. Maigida yana aikin dare, da rana barci. In na kai yara makaranta, iyaye mata sun yi gungu-gungu a bakin ƙofa, waɗannan Fanjabi, waɗancan Somaliyanci, kowa da nasa. Za a yi miki murmushi, shi ke nan. Sai in yi mako ban yi magana da babba ba in ba mai kanti ba.

Sannan 'yata ita kaɗai ce mai irin gashinta a ajinsu. Kullum a taɓa mata kai, a tambaye ta me ya sa ba ya kwanciya. Ta dawo tana kuka wai a miƙar mata. Mai kitso ma sai na yi tafiya. Da muka dawo kudu maso gabas, inda 'yan Najeriya da Gana suka yi yawa, maganar ta mutu da kanta. Nan ga manja, ga doya, ga garin rogo, ga masallacin 'yan Najeriya a Old Kent Road, ko da yake Yarabawa sun fi yawa. Hausawa a Landan ba mu da unguwa, a warwatse muke, sai suna ko biki ko salla ke haɗa mu.

Ban ce kada ki je ba, aikin miji shi ke zaɓar unguwa. Amma kada ku sa hannu a hayar da za ta ɗaure ku shekara biyu. Ku gwada hunturu ɗaya tukuna. Kuma layin Elizabeth ɗin nan yana zuwa har Woolwich, bai kai awa ba, duk ranar da gida ya ishe ki ki ɗauko yara ki zo mu tuƙa tuwo.

Maman Iman (Mabera):

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na ji, yau da dare zan gaya wa Abban Iman maganar kawu. Na tura masa abin da Ɗan Arkilla ya rubuta, ya ce ɗaya daga gidajen da anka nuna masa irin na bayan gidan ne, ya fasa. Yaya Inno, saura islamiyya. Iman ta kai izu biyar, ba na so ta tsaya.

Yaya Inno:

Ba za ta tsaya ba in sha Allahu, amma akwai abin lura. Kusan kowane masallaci yana da makarantar yamma, Litinin zuwa Juma'a, wajen biyar zuwa bakwai, wasu kuma Asabar da Lahadi kawai. Biya ake yi duk wata, kuma masu kyau suna da layin jira, don haka ya je ya rubuta sunansu tun yanzu.

Na 'yan Pakistan da Indiya Hafsu suke karantawa, amma Alƙur'aninsu bugun can ne mai layi 13 a shafi, rubutun da alamomin tsayawa sun bambanta da bugun Madina da islamiyyunmu ke amfani da shi. Yaron da ya haddace da hoton shafi a kansa, in anka sauya masa bugu, rikicewa yake. Kuma su da juzu'i suke ƙirga, para suke cewa, ba izu ba, ki gaya musu tana da biyu da rabi. Wasu malaman za su so mayar da ita littafin baƙi na farko don su gyara mata lafazi irin nasu. Kada ki yarda kafin a saurare ta. Makarantun Somaliyawa da Larabawa bugun Madina suke bi, kuma suna matsa hadda sosai, can na kai nawa. In kuma Warshu ta fara a makarantar allo, da wuya ki samu mai ja mata a unguwar nan, sai dai ki shirya da malaminta na Mabera ya riƙa sauraronta ta waya. Da hunturu muna bayan Sakkwato da awa ɗaya, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma agogonmu ɗaya, don haka ki sa wannan a lissafi in za ku tsayar da lokaci. Ki zo mata da nata Alƙur'anin da ta saba da shi, da hijabai masu kauri, na nan tsada gare su.